Yadda ake tsaftace tsohuwar bindigar farauta ta gado ba tare da an lalata ta ba

Bindigar farauta da ta shekara talatin a jingine a lungun ɗaki, tsatsa na cinta a hankali. Amma ɓarnar da magaji mai zumuɗi zai yi mata da samfefa da buroshin inji a yini ɗaya ta fi duk wadda tsatsar ta yi a shekarun nan. Abin da aka kankare daga jikin ƙarfe ba ya dawowa, haka ma katakon da aka goge har ya rame. Don haka aikin da ke gabanka shi ne ka tsayar da lalacewa, ka fitar da datti, ka bar mata shekarunta. Wurin da baƙin ƙarfen ya koɗe a inda ake riƙewa, hannun mahaifinka ko kakanka ne ya koɗar da shi, kuma ba aibi ba ne da za a gyara.

Bayanin nan ya fi karkata ga bindiga mai watsa ƙwayoyin darma, mai baki ɗaya ko biyu, irin wadda ake karyawa a tsakiya a zura harsashi, domin ita aka fi gada.

Ka ɗauka cike take

Kafin komai, ka juya bakinta inda babu kowa, yatsanka nesa da kunama, ka buɗe ta ka duba mazaunin harsashi da idonka, ka kuma zura yatsa. Kada ka dogara da cewa wani ya ce "ai babu komai a ciki". Idan mai ma'ajiyar harsashi ce a ƙarƙashin bututu, wadda ake jan katakon gaba baya da gaba, ka ja sau da yawa har ka ga ma'ajiyar wayam.

Idan irin ta da can ce wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a nan haɗarin ya fi yawa, saboda ba a buɗe ta a gani, kuma mafarauta da yawa a ɗure suke ajiye ta. Ka zura siririyar sanda cikin bututun har ta tsaya, ka yi alama daidai baki, ka fitar ka gwada ta a jikin bututun daga waje. Idan ba ta kai gindin bututun ba, akwai abu a ciki. Baƙin albarushi ba ya mutuwa don ya daɗe, muddin bai jiƙe ba. Kada ka yi ƙoƙarin harba shi don ka fitar da shi, ka kai wa maƙerin bindiga ya zare shi. Haka nan idan bindigar ta ƙi buɗuwa saboda tsatsa: kada ka buga ta, kada ka gasa ta da wuta.

Tsofaffin harsasan da ka tarar tare da ita, musamman masu kwanson takarda da suka kumbura ko gindinsu ya yi kore, ka ware su daga ɗakin aikin, ka miƙa su ga hukumar da ke karɓa.

Takardu

Gado ba ya ba ka izinin riƙe makami kai tsaye. A ƙasashe da yawa lasisin na mutum ne, yana ƙarewa da rasuwarsa. Ka nemi ƴan sanda ko hukumar da ke ba da lasisi a ƙasarka ka ji yadda ake mayar da ita sunanka, ko yadda ake ajiye ta har a gama. Kada ka goge lambarta ko wani hatimi da ke jikinta ko da bisa kuskure, domin wannan laifi ne a wurare da dama.

Ka karanta ta kafin ka taɓa ta

Ka ɗauki hotunanta ta kowane ɓangare a cikin haske mai kyau, har da kawunan sukurori da duk wani tsagu. Za su yi maka amfani lokacin haɗawa, kuma su ne shaidar yadda ka same ta.

Sai ka nemi rubutu. Sunan maƙeri yakan kasance a kan doron ƙarfen da ke tsakanin bututu biyu ko a gefen uwar bindigar, wato gangar ƙarfen da ke tsakanin bututu da ƙota, inda kunama take. Hatiman gwaji kuwa, wato alamomin da ake bugawa bayan an gwada ƙarfin bututu da harbi, suna ɓoye a ƙasan gindin bututun, wurin da ke kwanciya a kan uwar, sai an raba su ake gani. Waɗannan hatimai sun fi sunan muhimmanci, domin su ke faɗa maka irin albarushin da aka gwada bindigar da shi. A Ingila akwai gidan gwaji na Landan, wanda kamfanin maƙeran bindiga da ya samu takardar izininsa a 1637 ke gudanarwa, da na Birmingham da aka kafa a 1813. Idan ka ga an buga NITRO PROOF, ko haruffan NP ko BNP, an gwada ta da albarushin zamani marar hayaƙi. BNP mai kambi ya fara ne a 1954. Idan ka ga NOT FOR BALL, an gwada ta tsakanin 1875 da 1887, zamanin baƙin albarushi ke nan. Ta Beljiyam, wadda aka gwada a birnin Liyej, tana ɗauke da ELG a cikin da'ira mai siffar ƙwai, kuma daga 1893 aka ɗora wa da'irar kambi. Zaki a kan haruffan PV shi ne alamar albarushi marar hayaƙi a can. Amurka ba ta da gidan gwaji na gwamnati, kuma bindigogin farauta masu araha da yawa da aka ƙera a can kafin 1968 ba su da lamba ma, don haka rashin lamba a jikin irinsu ba ya nufin an goge.

Ka lura da cewa hatimi shaidar lafiyar bututun ce a ranar da aka buga shi. Shekara tamanin na tsatsa, ko wani da ya taɓa yashe cikin bututun don ya ɓatar da ramuka, duk suna iya rage masa kauri.

Ka duba jikin bututun da kyau. Idan ka ga zane mai murɗe-murɗe yana zagaye shi kamar igiyar ruwa, wannan shi ake kira Damaskas. An ƙera shi ne ta hanyar murɗa tsirin ƙarfe iri biyu, a naɗe su a kan sanda, a dake su da guduma cikin wuta har su haɗu. Aiki ne mai ban sha'awa, kuma shi ne ruwan dare a ƙarni na 19 har farkon na 20. Sai dai kowace mahaɗa a cikinsa hanya ce da tsatsa za ta iya bi ta ci ƙarfen daga ciki ba tare da an gani ba, kuma yawancinsu don baƙin albarushi aka yi su. Kada ka taɓa saka harsashin zamani a bututun Damaskas sai ƙwararre ya auna ya amince. Wani lokaci tsatsa ko baƙin rini na rufe zanen, don haka ka leƙa ƙarƙashin katakon gaba, inda hannu da iska ba sa kaiwa.

Kayan aiki

Sandar goge bututu, buroshin tagulla daidai girman bakin, tsummoki na auduga masu tsabta, ruwan wanke bututu, man bindiga, man da ke ratsa tsatsa ko kananzir, soson ƙarfe mafi laushi mai lamba 0000 ko na tagulla, tsohon buroshin haƙori, tsinken katako, tocila, safar hannu. Ka yi aikin inda iska ke shiga, ka wanke hannu kafin ka ci abinci, saboda dattin bindiga cike yake da darma.

Sukundireba kuwa sai an yi magana a kanta. Ta gida bakinta a fiƙe yake kamar gatari, tana zamewa ta yage kan sukuru. Sukuroran tsohuwar bindiga tsagunsu siriri ne, suna son wadda bakinta ya miƙe sak, ya cika tsagun a faɗi da kauri. Idan ba ka da irinta, kada ka kwance ko ɗaya. Yagaggen kan sukuru shi ne abu na farko da masani ke gani ya san an yi wa bindiga ganganci.

Raba ta gida uku

Bindiga mai karyawa gida uku take rabuwa ba tare da sukundireba ba: katakon gaba, bututu, sai uwar da ƙota. Idan ba ta da guduma a waje, wato ƙarfen da ake ja baya da babban yatsa kafin harbi, ka buɗe ta sosai ka rufe don ta ɗanu, domin wasu idan aka raba su ba a ɗane ba, mayarwa na wahala. Ka cire katakon gaba, wani da maɓalli a ƙarshensa, wani da ɗan hannu a cikinsa, wani kuma fizgo shi ake yi. Sai ka tura hannun buɗewa gefe, ka karya ta, ka ɗaga bututun daga kan ƙusar da yake juyawa. Kada ka ja kunama babu harsashin gwaji na roba a ciki, tsohuwar allurar da ke bugun gindin harsashi na iya karyewa.

A nan ya kamata mafi yawan mutane su tsaya. Cikin uwar akwai sifirin masu ƙarfi da ƙananan ƙarafa da aka gyara da hannu don wannan bindigar kaɗai. In ɗaya ya tsalle ko ya karye, ba a shago za a samo madadinsa ba, ƙera shi za a yi.

Bututu

Kafin wanki, ka rataye bututun da igiya ta ƙugiyar gindinsa, ka ƙwanƙwasa shi da ɗan katako. Mai lafiya yana amo mai tsawo. Idan ka ji sautin ya dushe ko yana kakkarwa, doron da ke haɗa bututun biyu ya saki a wani wuri, ruwa ya iya shiga, tsatsa na aiki a ɓoye. Wannan na maƙeri ne.

Wanki daga gindi ake farawa zuwa baki, don kada sanda ta ci gefen bakin. Ka jiƙa tsumma da ruwan wanke bututu ka tura, ka bar shi minti goma sha biyar ya jiƙa dattin. Sai buroshin tagulla, ka kai shi har ya fita kafin ka jawo, kada ka juya shi a tsakiya. Tsumma bayan tsumma, har ya fito babu baƙi. Bututun da ya daɗe zai iya cin zagaye da yawa, kuma barinsa ya kwana da mai ya fi dirza da ƙarfi. Ka fi mai da hankali ga inda mazaunin harsashi ya fara tsukewa, nan darma da roba ke maƙalewa.

Idan baƙin albarushi ko tsofaffin harsasai aka yi amfani da su, sun bar wani gishiri mai jawo laima wanda mai ba ya narkarwa. Ruwan zafi da ɗan sabulu ke fitar da shi. Ka wanke cikin bututun kawai, ka busar nan take, ka shafa mai. Idan doron ya saki, kada ka kawo ruwa kusa.

Yanzu ka ɗaga shi wajen haske ka leƙa ta kowane ƙarshe, kana juya shi a hankali. Layin inuwa a ciki ya kamata ya miƙe. Inda ya karye, akwai lotsawa ko kumburi. Ka kuma shafa wajen da yatsu, sukan ji abin da ido bai gani ba. Zobe mai duhu a ciki alamar an taɓa harbi da wani abu a toshe. Ƙananan ramukan tsatsa kada ka yi ƙoƙarin gogewa har su ɓace, domin ƙarfen da ke kewaye da su za ka cinye, kuma kusa da baki kaurin bango bai kai milimita ɗaya ba tun asali.

Tsatsar waje

Jar tsatsa mai garin da ke tashi, ita ce mai rai, ita za ka cire. Launin ƙasa-ƙasa mai santsi da ya lulluɓe ƙarfen kuwa ya riga ya zauna, ba ya ci gaba, ka bar shi.

Ka shafe ƙarfen da mai mai ratsa tsatsa ka bar shi kwana ɗaya ko biyu. Haƙurin nan shi ne rabin aikin. Sai ka goge da tsumma mai kauri, za ka yi mamakin yawan abin da zai fita. Abin da ya rage, ka tsoma soson 0000 cikin mai ka shafa a hankali, ba tare da dannawa ba, ka fara gwadawa a wurin da katako ke rufewa. Ka riƙa share jan ruwan da ke taruwa kana canza gefen soso, domin garin tsatsar shi kansa yana karce. Ƙullutun tsatsa da ya ƙi tashi, ka ture shi da gefen ɗan guntun jan ƙarfe ko tagulla. Sun fi ƙarfen bindiga laushi, kuma shatin da suke bari yana fita da mai.

Baƙin launin da ke jikin bututu shi ma wata irin tsatsa ce da aka yi da gangan aka hore ta. Shi ya sa ruwan khal da magungunan cire tsatsa na kanti ke wanke shi tas su bar farin tabo. Ka nisance su, da samfefa, da buroshin inji. Idan uwar bindigar tana da sauran launuka masu shuɗi da ruwan ɗorawa kamar bakan gizo, wannan fatar ƙarfe ce da aka gasa da gawayi, kuma siririya ce ƙwarai. Tsumma da mai kawai. Zanen sassaƙa kuwa buroshin haƙori da tsinken katako sun isa.

Batun sake rina ta baƙi: ni ra'ayina a bari, sai in ƙarfen ya tsiraita har ba ya kare kansa. In dole ne, ka sani cewa bututun tsohuwar mai baki biyu yawanci da narkakkiyar darma da kuza aka liƙe su, kuma rinin zamani na tafasasshen gishiri yana cinye wannan liƙi har doron ya ɓalle. Rinin sannu a hankali ake yi musu, wanda ake tsatsar da ƙarfen, a tafasa a ruwa, a goge, a maimaita. Ka tambayi duk wanda za ka ba aikin wace hanya zai bi. Rinin sanyi na kwalba kuwa dabbare-dabbare yake bari.

Sauran uwar, ka goge fuskarta inda allurai ke fitowa, da ƙugiyoyi, da ƙarfen da ke turo kwanso. Kada ka fesa mai cikin ramukan allura, zai gangara cikin katako.

Katako

Ƙotar yawancinsu katakon walnot ce. Ka fara da tsumma mai ɗan laima da sabulu kaɗan, ka goge gefe-gefe kana busarwa. Abin da kake zaton fenti ne ya mutu, sau da yawa gumi ne da ƙura. Zanen da aka tsattsaga a wurin riƙo, ka bi layinsa da buroshin haƙori.

Ka duba inda katakon ya haɗu da ƙarfe. Idan ya yi baƙi ƙirin ya yi laushi, man bindiga ne ya sha shekara da shekaru saboda an jingine ta baki sama. Wannan ba muni kawai ba ne, nan ne bugun harbi ke sauka, kuma katakon da ya sha mai tsagewa yake yi. Ana zuƙe man da garin alli da aka kwaɓa da asiton (sinadarin da ake goge fentin farce da shi), a shafa, a bari ya bushe, ya canza launi, a karkaɗe, a maimaita har allin ya daina rinewa. Asiton na cin fenti kuma yana kama wuta, sannan aikin ya fi kyau idan an raba ƙota da uwar, don haka in ka ga ya yi nisa ka haɗa shi cikin abin da za ka kai wa maƙeri. Haka tsagu a wuyan ƙota, ko da siriri ne kamar gashi. Sai an fitar da mai kafin gam ya kama.

Lotsawar da ba ta yanke jijiyar katako ba takan taso idan ka ɗora jiƙaƙƙen tsumma ka danna da bakin dutsen guga na ƴan daƙiƙu. Tururin na iya farar da fenti mai ƙyalli, ka gwada a ɓoyayyen wuri. Kuma ka yi tunani kafin ka tayar da kowace. Wata lotsawar akwai wanda ya san ranar da aka yi ta a cikin dangi.

Kada ka sa samfefa. Tana cinye kusurwoyi, ta sa katako ya koma ƙasa da ƙarfen da ya kamata ya yi daidai da shi, kuma wannan ba shi da magani. In katakon ya bushe ya yi fari, ka ɗiga dafaffen man linsid, man tsiro da ake shafa wa katako, ɗigo biyu ko uku a tafin hannu, ka murza har ya ɗumama, bayan minti ashirin ka goge duk abin da bai shiga ba, ka bar shi aƙalla kwana ɗaya. Ka maimaita har ya ƙoshi. Mai da yawa a lokaci ɗaya danƙo yake zama. Tsumman linsid idan aka dunƙule su suna yin zafi su kama wuta da kansu, don haka ka shanya su a buɗe a waje ko ka nutsa su a ruwa.

Kafin a yi maganar harbi

Ka haɗa ta, da ɗan giris a kan ƙusar juyawa da ƙugiyoyi. Kafin ka mayar da katakon gaba, ka riƙe ta ka girgiza. In ka ji bututun na motsi, ko ka ga haske tsakanin gindinsa da fuskar uwar, ta saki.

Ko ba ta saki ba, tsafta ba lafiya ba ce. Maƙerin bindiga zai auna kaurin bango, ya gwada makulli da kunama, ya kuma auna tsawon mazaunin harsashi, wanda nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Tsofaffi da yawa milimita 65 ne, harsasan yau kuwa 70 ko 76. Tsawon da ake rubutawa na kwanson da ya riga ya buɗe ne bayan harbi, shi ya sa na 70 zai shige mazaunin 65 lafiya lau ya rufu, amma idan ya tashi bakinsa ba ya samun wurin buɗewa, matsi ya ƙaru. Ya kuma tabbatar maka da girman baki, lamba 12 ne ko 16 ko 20 (ƙaramar lamba ita ce baki mafi faɗi). Kada harsashin 20 ya kusanci bindigar 12: yana zamewa ya maƙale a gaba, a saka wani a bayansa, bututu ya fashe. Ƙwayoyin ƙarfe da suka maye gurbin darma a wasu ƙasashe su ma suna kumbura bakin tsohon bututu. Idan maƙerin ya ce ba ta harbuwa, ka karɓa, ka rubuta hakan a takarda ka ɗaure a jikinta saboda wanda zai gaje ta bayanka.

Wajen ajiya, ka shafa mai ko kaki siriri a ƙarfen, ka goge shatin yatsu, ka sa ta a akwatin ƙarfe mai makulli, baki ƙasa, harsashi a wani wuri dabam da yara ba sa kaiwa. Kada ka bar ta cikin jakar fata ko soso, suna riƙe laima. Ka jefa ƙunshin silika mai shanye laima a akwatin, ka riƙa fito da ita bayan kowane wata biyu ko uku ka duba, musamman ƙarƙashin katakon gaba da cikin bututu.